Jirgi ya tokare a Suwes, allura ta maƙale a Indiya, shagona kuma babu alhaji

Asabar, 27 ga Maris 2021

Baban Walid (Makka): Assalamu alaikum jama'ar zaure. An wuni lafiya, ya ƙarin haƙuri da wannan zamani? Na daɗe ban ce uffan a nan ba, amma yau abin ya cika mini ciki.

Shekarata 19 ina tsaron shagon tsaraba a Misfala, inda alhazanmu suka saba sauka. Tun ranar 27 ga Fabrairun bara da aka dakatar da shigowar masu Umara daga waje, ban sake ganin abin da ake kira kasuwa ba. Jiya na shiga sito ni da yaron da ke taya ni, muka sauko da kwalayen dabinon da muka saro da sa ran Hajjin bara. Kwalin farko da na ɗaga, gari ne ya zubo mini a ƙafa, ƙwari sun gama da shi. Yaron ya dube ni, na dube shi, babu wanda ya iya magana. Carbi da darduma da kofunan zamzam suna nan jibge. Su ba sa ruɓewa, amma kuɗin mutane ne kwance, mai haya kuma ba ruwansa da korona.

Ba kuka na zo yi ba, tambaya ce da ni. A farkon watan nan an ruwaito ministan lafiya na nan, Taufiƙ Al-Rabi'a, yana cewa allurar korona za ta zama sharaɗin Hajjin bana. To, allurar da ta isa Najeriya ranar 2 ga Maris ba ta cika miliyan 4 ba, ga mutum sama da miliyan 200. A Indiya aka yi ta. Shekaranjiya kuma sai ga labari Indiya ta dakatar da fitar da ita saboda cutar ta sake taso musu. Ku haɗa lissafin da kanku. Babu allura, babu alhaji. Babu alhaji, babu Misfala.

Tun muna samari ake ce mana duniya ta zama kasuwa ɗaya, a buɗe iyaka, kowa ya sayar da abin da ya iya, ya sayi abin da bai iya ba. Muka yarda, masaƙunmu suka mutu. Ranar da annoba ta zo kuwa, masu yi mana wannan wa'azin su suka riga kowa garƙame rumbunsu. Ni dai na gama yanke hukunci a raina, ƙofar nan a buɗe take ne muddin mai ƙarfi yana son ta a buɗe. Wanda ya ga ba haka ba, ya fahimtar da ni.

Hajiya Mai Abaya (Jidda): Wa alaikumus salam. Allah ya mayar da alheri, Alhaji. Ciwonka nawa ne. Ni kayana na kan ruwa, abaya da jallabiyar yara da turaren wuta na Sallah, mu huɗu muka haɗa kwantena zuwa Legas. Ejan ɗin ya karɓi kuɗin dako kusan ninki biyu na bara, ya ce kwantena ta yi wuya a duniya. Yau da safe kuma ya kira ya ce jirginmu yana cikin masu jiran layi a bakin mashigin ruwa na Suwes, wani jirgi ya toshe hanya. Azumi saura mako biyu da 'yan kwanaki. Ko yau aka buɗe hanya, ga cunkoson Apapa a gaba. Masu sari a Kantin Kwari ba za su jira ni ba.

Direba Ɗan Maraɗi: Wai jirgi ɗaya ne ya yi wannan aika-aikar?

Injiniya (Yanbu): Ɗaya ne, sunansa Ever Given, tsawonsa mita 400. Ranar Talata 23 ga wata ya gicciye a mashigin, goshinsa ya cake a gaɓa. Kusan kashi 12 cikin 100 na cinikin duniya ta wannan zirin yake bi, kuma jiragen da ke jira sun haura 300, har da masu ɗauke da dabbobi daga Turai. Mu a Yanbu abin a kan idonmu yake, domin tataccen man da ke tafiya Turai daga nan ta can yake wucewa. Amma kada hankalin kowa ya tashi kan kayan Sin da Indiya. Su ta kudu suke shigowa Jidda, ta Babul Mandab, ba sa buƙatar Suwes.

Alhaji Baban Walid, na ji zafin maganarka kuma rabinta gaskiya ce tsantsa. Vietnam ta tsayar da fitar da shinkafa a ƙarshen Maris ɗin bara. Rasha ta sa iyakar tan miliyan 7 ga hatsin da za ta fitar daga Afrilu zuwa Yuni. Jamus da Faransa sun riƙe takunkumin fuska har ga maƙwabtansu na Turai, lokacin da Italiya take binne mutane ba dare ba rana. Ministocin kasuwanci na G20 kuwa, a taron da Saudiyya ta jagoranta ranar 30 ga Maris, sun amince cewa irin waɗannan matakan su zama na wucin gadi kuma daidai da larura.

Inda na rabu da kai shi ne, ka tuna watannin da aka rufe Makka da Madina ba shiga ba fita, dare da rana, daga 2 ga Afrilu. Shinkafa ta yanke a baƙala, shagunan kayan abinci? Kaza ta yanke? Ƙasar nan yawancin abincinta daga waje yake zuwa, basmati daga Indiya, kaji daga Brazil, alkama ta jirgin ruwa. Da kasuwar duniya ta mutu da gaske, da mu ne farkon shiga uku. Ta yi tangaɗi amma ba ta faɗi ba.

Baban Walid (Makka): Injiniya, ba ta yanke ba saboda ƙasar nan tana da kuɗin da za ta saya ko nawa ne. Ai maganata ke nan. Mai kuɗi kasuwa a buɗe take gare shi ko da tsakar dare.

Injiniya (Yanbu): Ba kuɗi kaɗai ba ne, akwai tanadi. Sun daina dogaro da noman alkama a gida don ruwan ƙarƙashin ƙasa yana ƙarewa, sai suka kafa kamfanin SALIC ya je ya sayi gonaki a Yukren da Ostireliya, ya shiga harkar hatsi a Kanada. Ba a fafe gora ranar tafiya. Kuma kuɗin ma sun girgiza. Ka manta rikicin farashin mai da Rasha? Ranar 6 ga Maris ɗin bara zaman ƙasashe masu fitar da mai a Viyana ya watse, kowa ya buɗe famfo, ga jirage a ajiye, ga motoci a ajiye. Sai 12 ga Afrilu aka daidaita kan rage ganga miliyan 9.7 a kullum. Duk da haka ranar 20 ga Afrilu farashin man Amurka ya faɗi ƙasa da sifili, mai mai yana biya a kwashe masa. Daga nan harajin kaya ya tashi daga kashi 5 zuwa 15 ranar 1 ga Yuli. Wannan harajin da kake karɓa a shago, jikan wancan rikicin ne.

Hajiya Mai Abaya (Jidda): Haraji kam mun ji shi a jikinmu. Ga kuɗin kwastan da aka ƙara a Yuni. Ga naira. Riyal ɗin da bai kai naira 100 ba kafin cutar nan, yanzu a wajen 'yan canji ya doshi 130. Wanda ke aika wa iyaye kuɗi yana murna, ni da nake sayarwa da naira ina saro da riyal kuka nake. Mace ta saba sayen abaya a wani farashi, ka ce mata ya tashi, sai ta ɗauka cutarta za ka yi.

Sannan ku maza ba ku lura da wani abu ba. Kayan Turkiyya sun ɓace a kasuwar Balad ta nan Jidda. Mayafai, kayan jarirai, darduma mai laushin nan. Tun Oktoba da shugaban majalisar 'yan kasuwa Ajlan Al-Ajlan ya yi kira a ƙaurace musu, dillalai suka janye hannu. Wannan ba cuta ba ce ta kawo shi, saɓanin manya ne, amma a kan tebur ɗina ya sauka.

Baba Alhaji (shugaban zaure): 'Ya'yana, muhawara ta yi daɗi, amma a tuna a ƙasar mutane muke, da iƙama muke zaune. A faɗi abin da aka sanar a hukumance, a bar fassara kan masu masaukinmu. Kuma a riƙa tuna alheri. Ranar 30 ga Maris ɗin bara Sarki Salman ya ba da umarni a yi wa kowa maganin korona kyauta, har wanda ba shi da takarda. Mutanenmu nawa suka amfana a unguwannin Karantina da Shari Mansur? Ku ci gaba.

Ɗan Maiwurno (kasuwar dabbobi, Jidda): Allah ya ƙara wa Baba lafiya. Ku ba ni dama in kawo tamu ta Sudan, don ku 'yan Najeriya kuna ganin ku kaɗai ke ciki.

Ni a Maiwurno aka haife ni, bakin Shuɗin Nilu, kakanninmu kan hanyar Hajji suka zauna. Sana'ar gidanmu raguna. Wana yana tarawa daga Gadarif da Kurdufan, a kai Sawakin, a tsallako da su Jidda. Duk shekara hadayar alhazai ita ce kakarmu. A 2019 alhazai sun kusa miliyan 2 da rabi. Bara kuwa 'yan ƙalilan ne daga mazauna ƙasar nan. Wa zai yanka raguna?

Wannan bai ishe mu ba, sai aka shiga mayar da jirage. An sha mayar da dabbobin Sudan daga tashar Jidda bara, a ce gwaji ya nuna rigakafin da aka yi musu bai kama yadda ake so ba. A ɗaya daga cikin jiragen akwai ragunan wana. Ina tsaye a tashar ina hango jirgin, ina jin kukansu, ba damar in kai musu ko ruwa. Suka koma Sawakin cikin zafin nan. Da ya kira ni ta bidiyo, na ga ragunan da na san girmansu sun zama ƙashi da fata, wasu an ja su gefe. Ban zargi Saudiyya ba, kowa yana da haƙƙin kare dabbobinsa da mutanensa, kuma an yi zazzaɓin Rift Valley a wajenmu a 2019. Namu na zarga, da suka kasa tsayar da rigakafi mai inganci ga sana'ar da ke kawo wa ƙasa kuɗin waje.

Shi ya sa, Alhaji Baban Walid, ba kullum mai ƙarfi ne ke rufe ƙofa ba. Wani lokacin rijiya ta bayar, guga ya hana.

Baban Walid (Makka): Innalillahi. Allah ya mayar masa da mafi alheri. Amma ƙanena, shekara nawa Amurka ta rufe ku?

Ɗan Maiwurno (kasuwar dabbobi, Jidda): Tun 1993 muke cikin jerin masu goyon bayan ta'addanci, sai 14 ga Disambar bara aka cire mu. Kuma ba kyauta ba. An biya dala miliyan 335 diyya, aka kuma haɗa da maganar ƙulla hulɗa da Isra'ila, wadda har yau ta raba kan mutane a gida. A nan kam na ba ka gaskiya, an same mu a lokacin da ba mu da bakin musu, ga korona, ga ambaliyar da ta cinye gidaje a Satumba, ga layin burodi tun asuba.

Sai 21 ga Fabrairu gwamnatin Hamdok ta saki fam, dala ta tashi daga 55 zuwa 375 a banki. Mu na waje wannan ya yi mana daɗi ta fuska ɗaya, yanzu ina aika kuɗi ta banki ba tare da an cinye mini kaso mafi tsoka ba. Amma tsadar kaya ta haura kashi 300 cikin 100. Innata ta ce kuɗin da nake turowa sun yi yawa a takarda, a kwando kuma ba ta ganinsu. Jiya aka ce an biya bashin Bankin Duniya da ya taru mana da rancen wucin gadi daga Amurka, dala biliyan 1.15. Muna jira mu gani ko zai iso tukunya.

Ɗalibi a Madina: Iyayena da yayyena, ku yi mini afuwa in sa baki. Ni ina tare da Baban Walid, har na fi shi zafi. Maganin duk wannan shi ne abin da Buhari ya yi a Agustan 2019, a rufe iyaka, mu ci abin da muka noma. Guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni. Da ba a hana shinkafar waje ba, da korona ta same mu muna jiran jirgi daga Tailan. Mahaifina ma'aikacin masaƙa ne a Kakuri. Na taso na ga Kaduna ana canjin aiki da jiniya, dubban mutane a kan keke. Yanzu ciyawa ce a ciki, atamfar Kwari kuma daga Sin take zuwa, auduga tamu ta Funtuwa ba mai saye. Wannan ne ribar buɗe kasuwa.

Direba Ɗan Maraɗi: Ustaz, da girmamawa, ka faɗi haka ne don ba a bakin iyaka gidanku yake ba. Ni Maraɗi ce garinmu, matata 'yar Jibiya. Wata 16 aka yi iyaka a rufe. Wake da dabbobin mutanenmu suka rasa hanya, albasa ta ruɓe a mota, ƙanena da ke dako a Ɗan Isa ya zauna ba aikin fari ba na baƙi. Shinkafar da aka ce an hana kuma ba ta fasa shiga ba, ta daji take bi a kan babur, sai dai ta ƙara tsada, masu karɓar na goro a hanya suka yi ƙiba. Mu ba Turawa ba ne, ba 'yan Sin ba ne. Katsina da Maraɗi uwa ɗaya uba ɗaya. In Indiya ta yi laifi da ta riƙe allura, me za a kira wanda ya rufe wa ɗan'uwansa hanyar abinci?

Ɗalibi a Madina: Yaya, ban ji daɗin wahalar da kuka sha ba wallahi. Amma injinan casar shinkafa nawa aka kafa a Kano da Kebbi a wannan tsakanin?

Direba Ɗan Maraɗi: An kafa. Tambayi gida nawa ake sayar da buhu.

Injiniya (Yanbu): Alƙaluman hukumar ƙididdiga ta Najeriya na watan jiya sun nuna tsadar abinci ta haura kashi 21 cikin 100. Ba rufe iyaka kaɗai ba ne, akwai 'yan bindigar da suka hana noma a Zamfara da Katsina, akwai faɗuwar naira. Amma ɗalibinmu, ka duba masaƙun nan da kyau. Kayan Sin sun buge su, gaskiya ne, sai dai sun same su a kwance, babu wuta, babu baƙin mai, ga fasa-ƙwauri. Ka rufe iyaka shekara goma, in babu lantarki masaƙa ba za ta tashi ba.

Abin da ya fi ba ni takaici, ranar 16 ga Disamba aka buɗe Seme da Illela da Maigatari da Mfum, sai ga yarjejeniyar kasuwar bai-ɗaya ta Afirka ta fara aiki 1 ga Janairu, bayan korona ta ɗage ta daga Yuli. Ba a yi wata biyu ba, bayan rikicin kasuwar Shasha a Ibadan, 'yan kasuwarmu suka tsayar da kai abinci da shanu kudu. Na san zafin da ya sa su, an kashe mutane, an ƙona dukiya. Amma tumatir a Arewa ya ruɓe, a Legas ya gagari talaka. Ƙasa ɗaya ke nan.

Anti Nas (Riyad): Sallama jama'a, yanzu na sauko daga aiki na tarar da saƙo rututu. Ku bar ni in koma kan allura, don nan ne tambayar Alhaji take.

Indiya ba ita ce tushen matsalar ba. Kamfanin Serum da ke Pune shi ne mafi girma a duniya wajen yawan alluran da yake yi, kuma shirin COVAX na raba wa ƙasashe allurar korona ya jingina kusan kacokan a kansa. Shugaban kamfanin da kansa ya koka a farkon watan nan cewa Amurka ta riƙe wasu kayan haɗin da ake buƙata, ta hanyar dokarta ta fifita buƙatun cikin gida. Tarayyar Turai ita ma tun ƙarshen Janairu sai da izini ake fitar da allura daga cikinta. Ƙasashe masu kuɗi sun saye tun ba a gama gwaji ba, Kanada ta yi odar da ta ninka yawan mutanenta sau da dama. Kowa ya riƙe wani abu, na ƙarshen layi shi ne mu. Afirka kusan kashi 99 cikin 100 na alluran rigakafinta daga waje take samu. Alhali Najeriya ta taɓa yin nata a Yaba, na shawara da na agana, aka rufe wurin a 1991 da sunan gyara, shiru har yau. Senegal kuwa cibiyar Pasteur ta Dakar tana nan tana yin ta shawara.

Na yi watanni a sashen masu korona. Na riƙe wa wani dattijo ɗan Kano waya a kunne yana sallama da 'ya'yansa, ina sanye da rigar leda, ko fuskata bai gani ba. Shi ya sa in na ji ana jayayya a ƙungiyar kasuwanci ta duniya a Janeba kan haƙƙin mallakar fasaha raina yake ɓaci. Tun Oktoba Indiya da Afirka ta Kudu suka nemi a jingine wannan haƙƙin na ɗan lokaci, duk mai masana'anta ya yi allurar. Ƙasashe sama da 100 suna goyon baya. A zaman 10 ga watan nan Amurka da Birtaniya da Tarayyar Turai da Suwizalan suka sake ƙi.

Hajiya Mai Abaya (Jidda): To ba tamu ce a kan kujerar shugabancin ƙungiyar ba yanzu? Ngozi Okonjo-Iweala ba za ta sa hannu ba?

Anti Nas (Riyad): Hajiya, kujerar ba ta sa hannu ba ce. Ƙungiyar kasuwanci ta duniya mambobi 164 gare ta, kuma sai kowa ya yarda ake zartar da abu. Ita kanta ai kin ga yadda aka yi. Gwamnatin Trump kaɗai ta tsaya a Oktoba ta ce sai 'yar Koriya ta Kudu, aka yi wata uku ana zaune. Sai da Biden ya hau, waccan ta janye, aka naɗa ta 15 ga Fabrairu, ta kama aiki 1 ga Maris. Amma ta san harkar allura, ta shugabanci hukumar Gavi mai samar wa ƙasashe matalauta alluran rigakafi shekara biyar. Abin da take nema yanzu shi ne kamfanonin su ba masana'antun wasu ƙasashe lasisi.

Ɗalibi a Madina: Anti, ni ban manta Janairun 2012 ba, da aka cire tallafin mai tana ministar kuɗi. Tarbiyyar Bankin Duniya ce. Ba na sa ran ta juya wa iyayen gidanta baya.

Injiniya (Yanbu): Kada kuma ka manta 2005, da ta jagoranci tattaunawar da aka yafe wa Najeriya bashin dala biliyan 18. A yi mata adalci ta kowane ɓangare. Ni damuwata ba ita ba ce, gidan da ta gada ne. Kotun ɗaukaka ƙara ta ƙungiyar ta daina aiki tun Disambar 2019 saboda Amurka ta hana naɗa alƙalai. Yau in babbar ƙasa ta take doka, ƙaramar ƙasa ba ta da inda za ta kai kuka har ƙarshe. A nan Alhaji ya fi ni hujja, na sallama masa.

Anti Nas (Riyad): Amma an taɓa karya irin wannan taurin kan. Lokacin ƙanjamau magani yana cin sama da dala 10,000 a shekara ga mutum ɗaya. Kamfanoni 39 suka kai gwamnatin Afirka ta Kudu kotu don ta nemi mai araha, duniya ta yi musu ca, suka janye a 2001. A shekarar kamfanin Cipla na Indiya ya ce zai bayar a dala 350. A Doha, nan maƙwabta, aka amince cewa lafiyar jama'a tana gaba da haƙƙin mallaka. Ba tausayi ne ya kawo haka ba, matsin lamba ne daga ƙasashe da suka haɗa kai. Abin da nake so Alhaji ya ƙara a lissafinsa ke nan.

Lahadi, 28 ga Maris

Baban Walid (Makka): Na kwana ina juya maganganunku. Ɗan Maraɗi, ka taɓa ni, don ni ma na yi murna da rufe iyakar nan a lokacin, ban tuna da ku ba. Ka yafe mini. Ɗan Maiwurno, na karɓi taka, akwai namu sakacin. Amma ban sauka daga kan bakata ba. Wanda ke da masana'anta shi ke da mabuɗi, sauranmu jira muke. Bambancin da na samu daga jiya zuwa yau shi ne, da ina ganin maganin a toshe ko'ina ne. Yanzu ina ganin toshe Jibiya bai ƙara mana ko kwalbar allura ɗaya ba.

Ɗalibi a Madina: Ni har yanzu ina ganin sai an kare manomi da masaƙi kafin su tsaya da ƙafarsu. Sin da Koriya haka suka yi. Amma na yarda ba a kan Nijar ya kamata a gwada ƙarfi ba.

Maman Hanan (Makka): Ni tambayata daban ce, ku yi haƙuri. Allurar nan da kuke ta nema, lafiya kuwa? Mu 'yan Kano ba mu manta gwajin maganin sanƙarau na 1996 ba, yara suka mutu, wasu suka nakasa. Surukata ta rantse ba za a yi mata ba.

Anti Nas (Riyad): Maman Hanan, tsoronta yana da tushe, kada ki yi mata faɗa. Abin ya faru, har kamfanin Pfizer ya sasanta da gwamnatin Kano a 2009 kan dala miliyan 75. Amma wancan gwaji ne aka yi a kan yaranmu. Wannan kuwa masu ita ne suke kokawa a kanta, suna hana mu. Yarima mai jiran gado an yi masa a Disamba, Sarki Salman a Janairu, a gaban kyamara. Ni an yi mini duka biyu, hannu ya yi tsami kwana ɗaya. Ki tuna mata duk zuwanta Hajji daga gida sai da aka yi mata ta sanƙarau da ta shawara, aka ɗiga mata ta shan inna. Ki buɗe mata manhajar Sehhaty da lambar iƙamarta, kyauta ne, tsofaffi ake fara kira.

Baba Alhaji (shugaban zaure): Ni an yi mini, ina nan garau. Ki ce mata in ji ni.

Litinin, 29 ga Maris

Injiniya (Yanbu): Alhamdu lillahi, jirgin ya taso ɗazu da rana, an ja shi zuwa tafkin da ke tsakiyar mashigin. Hukumar Suwes ta ce sai an ɗauki 'yan kwanaki kafin layin ya ƙare, jirage sun haura 400.

Hajiya Mai Abaya (Jidda): Na kira ejan, ya ce namu yana can baya, kuma in cire rai da ƙaramar Sallah. Na gaya wa abokan haɗina mu ajiye na Babbar Sallah, turaren dai nake jin tsoron zafi ya taɓa shi. Wanda ya san mai kago ta jirgin sama zuwa Kano mai amana, ya yi mini magana ta gefe, akwai jallabiyar yara dozin goma da suka rage a hannuna, ko su in samu su isa kafin goman ƙarshe.

Baban Walid (Makka): Hajiya, zan tura miki lambar wanda nake ba wa nawa. Ɗan Maraɗi, in kana da lodin Makka ranar Laraba ka biyo ta shago. Mun tsince dabinon, kwali 14 sun tsira, ina so a kai wa mutanenmu na Shari Mansur kafin azumi ya kama.

Direba Ɗan Maraɗi: Ina da fasinja bayan la'asar. Zan cire kujerar baya, Alhaji, ka sa yaron ya ɗaure su bibbiyu.